Yadda Ake Shirya Tafiyar Ƙafa ta Ayari Zuwa Chappal Waddi a Tsaunukan Taraba

Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, shi ne wuri mafi tsayi a duk Nijeriya, domin ƙololuwarsa ta kai mita 2,419 daga saman teku. Yana kan iyakar Nijeriya da Kamaru, a ɓangaren kudu na Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 ta hanyar haɗe gandun Gashaka da na Gumti, kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa. Hawansa ba ya bukatar igiya ko gwanintar maƙale wa duwatsu. Tafiyar ƙafa ce mai tsawo a kan tuddai masu ciyawa da kwaruruka da ƙoramu, kowa da jakarsa a baya, ana kwana inda dare ya yi. Duk mai lafiyar da ya shirya jikinsa zai iya, kuma a ganina abin da ya fi wahala a irin wannan tafiya shi ne riƙe mutum takwas ko goma a matsayin ayari guda daga ranar fita har ranar dawowa, ba tare da an bar wani a baya ko an dawo ba a ga-maciji da juna ba.

Lokaci da hanya

Damina a tsaunin Mambila, wanda ta kansa ake bi zuwa Chappal Waddi, ta fi ta Kano ko Sakkwato tsawo nesa ba kusa ba, tana farawa tun wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma a cikinta hanyoyin ƙauyuka suna zama taɓo mai santsi, ƙoramu suna cika cikin sa'a guda. Saboda haka a sa tafiyar tsakanin Disamba da farkon Maris. Wannan lokaci ma yana da nasa cikas, wato hazon hunturu da kan rufe nesa har mutum ya hau ƙololuwa bai ga komai ba sai fari, da kuma sanyin dare wanda mutumin da ya saba da zafin birni ba ya tsammani. Ƙa'idar da masana yanayi suka sani ita ce zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, ga kuma iska a fili inda babu abin da zai tare ta.

Daga Jalingo ana bin hanyar Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take. Daga Serti a wuce Mayo Selbe a gindin tsauni, a hau hanyar nan mai kwana-kwana zuwa Maisamari, sannan Nguroje, kafin Gembu hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Yawancin masu nufin ƙololuwar suna sauka a Nguroje, su hau babura zuwa ƙauyen Njawai, daga can kuma ƙafa ta karɓi aiki. Akwai wata hanyar da ke tashi daga ƙauyen Gashaka ta ratsa kurmi, kusa da inda kangon ganuwar Jamusawa yake tun zamanin da yankin ke hannunsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma tana cin kwanaki da yawa, kuma ban ga dalilin da ayarin da bai taɓa irin wannan tafiya ba zai fara da ita ba.

Tsayawa a Serti wajibi ne. A nan ake karɓar izinin shiga gandun, a biya kuɗin da hukuma ta yanka, a kuma nemi jami'in gandun daji da zai raka ayari. Ya kamata shugaban tafiya ya tuntuɓi ofishin tun makonni kafin ranar fita, ya tambayi halin tsaro a lokacin, domin yankin kan iyaka ne, kuma ya sha ganin rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya, irin wanda ya auku a Mambila a 2017. In jami'ai suka ce a dakata, a dakata. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa a jikinsa. Wanda zai taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja ya ware mako guda cur, cikinsa har da kwana ɗaya na rara wanda ba a tsara masa komai ba, saboda lalacewar mota ko rashin lafiyar wani.

Zaɓen mutane da raba aiki

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa fita ba tare da madugu da jagaba ba, kuma tsarin nasu ya dace da wannan tafiya ƙwarai. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ma ya umarci mutum uku da suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. A zaɓi madugun tun a gida, a gaban kowa, a kuma yarda da baki ɗaya cewa a kan abu biyu maganarsa ce ta ƙarshe: inda za a yada zango, da lokacin da za a juya ko da ba a kai ƙololuwa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba mafi ƙarfin jiki wannan matsayi. Mai ƙarfi ba ya jin nauyin da mai rauni ke ji, don haka yakan ga kowane hutu ɓata lokaci ne. Wanda ya dace shi ne mai haƙuri, wanda ake jin kunyarsa, wanda zai iya ce wa abokinsa a'a ba tare da ya ci masa fuska ba.

Bayan madugu, a naɗa ma'aji wanda zai riƙe kuɗin taro ya riƙa rubuta duk abin da aka kashe a ƙaramin littafi, da mai kula da magani, da mai kula da abinci. Akwai kuma aikin da ba a cika ba shi muhimmanci ba alhali ya fi sauran, wato mai bin baya. Wannan mutum ne mai ƙarfi da juriya wanda ba ya wuce kowa komai jinkirinsa, kuma muddin ana ganinsa an san ayari ya cika. Jagaba kuwa ba daga cikinku zai fito ba. Ɗan yankin ne, wanda ya san wace ƙorama ce ke ƙafewa a watan Fabrairu da wace ruga ce ta tashi, kuma taswirar waya ba za ta maye gurbinsa ba.

Mutum shida zuwa goma sun isa. Ƙasa da huɗu akwai haɗari, domin in ɗaya ya ji ciwo ana bukatar wanda zai zauna da shi da kuma biyu da za su je neman taimako. In aka haura goma sha biyu kuwa, girki da neman wurin kwana da samun babura a lokaci guda duk sai su zama aiki. Idan akwai mata a ayarin, a tanadi tantinsu daban, a kuma tattauna batun wurin kewayawa da wanka tun a gida, kada a bar shi sai an isa daji kunya ta hana magana. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ga likita tukuna, ya kuma gaya wa mai kula da magani gaskiyar halinsa da inda yake ajiye maganinsa.

A ƙalla makonni shida kafin tafiya a fara atisaye tare, da jakar da za a ɗauka da takalmin da za a sa. Mutanen Kano suna da Dala da Gwauron Dutse, na Zariya suna da Kufena, na Jos kuwa suna da duwatsun Shere. Amfanin wannan atisaye ya wuce ƙarfafa cinya, domin a nan ne madugu zai gane wa ke saurin gajiya, wa ke saurin fushi, wa kuma ke zuwa a makare kullum.

Kaya

Abin da aka saba ba da shawara shi ne kada nauyin jaka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta, wato mai kilo 70 kada ya ɗauki fiye da kilo 14. A nemo sikeli a auna jakar kowa a daren da za a tashi, a gaban jama'a, domin kowa yakan rantse cewa tasa ba ta da nauyi. Jakar ta kasance mai ɗamara a ƙugu, saboda ƙugu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, kafaɗa ta daidaita shi kawai. A sa abu mai nauyi a tsakiya, manne da gadon baya, mara nauyi a ƙasa, abin da ake bukata a hanya kamar rigar ruwa da tocila a sama. A shimfiɗa babbar leda a cikin jakar kafin a zuba kaya, ko da rani ne, saboda raɓa da tsallaken ƙorama.

Kayan taro, wato tanti da tukunya da risho da abinci da magani, a baje su a tabarma guda a raba bisa ƙarfin kowa. Rabon daidai-wa-daida a nan zalunci ne, domin kilo uku a bayan siririn mutum ba ɗaya yake da kilo uku a bayan ƙaƙƙarfa ba. Ɗaukar 'yan dako daga ƙauyen da aka tashi ba abin kunya ba ne, yana kuma sa kuɗin baƙi ya shiga hannun mutanen wurin, amma a yi ciniki a gama kafin a ɗaga ƙafa: nawa ne a yini, wa zai ciyar da su, ina za su kwana. Wanda ya ɗauki ɗan dako ya tabbata shi ma yana da abin rufa da dare.

Kada kowa ya zo da sabon takalmi. Sau-ciki mai kaurin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi ake so, da safa mai kauri ƙafa uku, da silifa na zango. Game da tufafi, auduga tana riƙe gumi ta yi sanyi a jiki da zarar an tsaya, don haka rigar 'yan ƙwallo ta fi dacewa da tafiya, a ɗora rigar sanyi a kai in an huta, sannan rigar ruwa saboda iska. A ware kaya guda busassu waɗanda ba a sa su sai da dare. Hular sanyi da safar hannu da bargo ko jakar barci, da abin shimfiɗa mai kauri da zai raba jiki da ƙasa, duk ba a barin su. Wanda zai ratsa ƙasan gandun inda ƙudan tsando yake ya guji tufafi baƙaƙe da shuɗɗa, domin waɗannan launuka ne ke jawo shi.

Tafiyar kanta

Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafi a 1892 wanda har yau ake amfani da shi: a ba kowace kilomita 5 sa'a guda, a ƙara sa'a guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafin mutum ɗaya ne mai ƙarfi wanda ba ya hutawa. Ayari mai jakunkuna ya ƙara rabin abin da lissafin ya bayar, sannan ya tuna cewa a wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi, duhu kuma ba ya jinkiri. A tashi bayan sallar asuba da karin kumallo, a yi niyyar isa zango kafin ƙarfe huɗu, don a kafa tanti a ɗebo ruwa a yi girki da sauran haske.

Mafi jinkirin tafiya shi ne zai bi bayan jagaba kai tsaye, sauran su jera a bayansa. Wannan tsari yana ba masu sauri haushi a yinin farko, amma shi ne kaɗai ke hana ayari rabewa biyu. In aka bar masu sauri a gaba, abin da ke faruwa sananne ne: su yi nisa, su zauna su huta, da zarar na baya ya iso yana haki sai su miƙe su ce a ci gaba, ya zama wanda ya fi kowa bukatar hutu shi ne bai samu ba. Saboda haka lissafin hutu yana farawa ne daga lokacin da mutum na ƙarshe ya sauke jakarsa. Minti goma a kowace sa'a ya wadatar. A wurin hawa a taƙaita taku, a riƙe saurin da mutum zai iya magana a cikinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba. A kowace mararraba a tsaya sai an ga mai bin baya, kuma in hazo ya sauko kada wani ya yi nisan da na bayansa ba zai gan shi ba. Kowa ya rataya usur, a kuma yarda cewa busa uku a jere na nufin neman agaji.

Wanda ya ji wani wuri a ƙafarsa ya fara zafi ya faɗa nan take a tsaya a manna filasta, kafin ya zama bororo. Mutane sukan yi shiru saboda kada a ce su ne suka tsayar da tafiya, washegari kuma a wayi gari ba sa iya taka ƙasa. Aikin madugu ne ya riƙa tambaya a kowane hutu, ya kuma fara duba tasa ƙafar a gaban kowa don kunya ta kau.

Ruwa da guzuri da zango

Ƙoramun tsauni suna da sanyi da haske, amma shanu suna sha a sama da inda kuke ɗiba. A tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana tafasa, in an haura mita 2,000 kuma minti uku, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa bisa umarnin da ke jikin kwalinta. Kowa ya riƙe gorar da ta kai lita biyu. Guzurinmu na gida ya dace da wannan tafiya fiye da yawancin abincin gwangwani mai nauyi: kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyiyar gyaɗa da dakuwa don ci a hanya, garin kwaki da suga da madarar gari don rana, shinkafa ko taliya da daddare. Ganyen shayi kuwa a saya a can, tun da a Mambila ake noma shi, a gonakin Kakara. A kasuwannin tsaunin ana samun ayaba da fiya da dankalin turawa, sai a ƙara a kan guzuri kafin a bar Nguroje.

A kafa tanti a wuri mai ɗan tudu, nesa da bakin ƙorama da kuma hanyar shanu. Da rani ciyawar tsauni busasshiya ce, wuta kuma tana gudu a cikinta fiye da yadda mutum ke zato, don haka a share kewayen murhu, a kashe wutar da ruwa kafin a kwanta. Bayan gida a yi shi nesa da ruwa, a tona rami a rufe. Duk leda da gwangwanin da aka zo da su a koma da su. Batun salla kuwa da sauƙi, domin nisan ya kai na kasaru, kuma a san alƙibla da kamfas tun da rana.

Tuddan da za ku ratsa gidajen mutane ne da makiyayarsu, na Fulani da Mambila da sauran ƙabilun yankin, kuma Hausa da Fulatanci za su kai ku ko'ina. In aka isa ƙauye ko ruga, madugu da jagaba su fara zuwa gaida jauro ko arɗo, su faɗi daga inda ayari ya fito da inda ya nufa, su nemi izinin kwana. Ɗan goro ko suga ko ganyen shayi a hannu yana da kyau. Kada a ɗauki hoton kowa, musamman mata, ba tare da an tambaya ba, kada a ratsa tsakiyar garke, kada kuma a yi wanka da sabulu a inda mutane ke ɗiban ruwan sha. In aka kawo muku nono ko masara, ku karɓa da godiya ku saka da abin da ya fi shi, madarar da ba a dafa ba kuma a tafasa ta.

Ranar ƙololuwa da saukowa

A bar manyan jakunkuna a zango tare da mai tsaro, a ɗauki ruwa da abin ci da rigar sanyi da tocila da jakar magani kawai. Kafin a tashi madugu ya faɗi ƙarfe nawa za a juya, misali ƙarfe ɗaya na rana, ko an kai ko ba a kai ba, kuma kada a sake tattauna wannan a kan hanya lokacin da ƙololuwa ke gaban ido kowa yana ganin saura kaɗan. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500, don haka a nan abin da aka fi gani shi ne haki da gajiya. Abin tsoro na gaske shi ne sanyi ya kama wanda ya jiƙe da gumi: in mutum ya fara karkarwa, maganarsa ta fara harɗewa, a canza masa kaya busassu, a rufe shi, a ba shi shayi mai suga, a sauko da shi. Mai gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da suga, wato lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa. Duk wanda zai juya saboda rashin lafiya ba ya juyawa shi kaɗai, kuma tun a gida za a san wa zai raka shi.

Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a tsaunin, saboda haka a bar wa wani a gida da kuma ofishin Serti sunayen 'yan ayari da hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran fitowa.

Yawancin targaɗe a gangara ake yin sa, lokacin da gwiwa ta gaji hankali kuma ya riga ya koma gida. A riƙe sanda, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a sauko a karkace inda gangarar ta yi tsanani, kuma tsarin jerin nan na mai jinkiri a gaba da mai bin baya a ƙarshe ya ci gaba har a isa inda babura ke jira. A sallami jagaba da 'yan dako da tsabar kuɗi a hannunsu, tare da ɗan ihsani a kan abin da aka yi ciniki, wanda ke nufin ma'aji ya tanadi ƙananan takardun kuɗi tun daga Jalingo, tun da ba lallai ne a samu mai POS a ƙauyukan ba. A daren ƙarshe a Nguroje ko Serti, kafin kowa ya kama hanyar garinsu, ma'aji ya karanta littafinsa a gaban ayari, a mayar wa kowa canjinsa ko a karɓi cikon da ya rage a kansa, sannan madugu ya koma ofishin gandun ya shaida musu cewa mutanensa sun fito cif yadda suka shiga.